Mustang ta 1966 ko Eldorado ta 1976: wacce ta dace da mai sayen farko?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, kuma burina shi ne in mallaki tsohuwar mota mai rufin tamfol da ake naɗewa baya. Yanzu biyu ne a gabana: Ford Mustang ta 1966 mai inji V8 289 (wato mai silinda takwas), wadda aka yi wa sabon fenti, da Cadillac Eldorado ta 1976. Zuciyata ta karkata ga Mustang, amma ban san abin da ya kamata in duba kafin in biya ba. Ina neman shawarar masu ilimin abin.

Tsohon Makanike:
Wa alaikumus salam, Malam. Sabon fentin nan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali, domin a Ohayo ana watsa gishiri a tituna lokacin dusar ƙanƙara, kuma babu abin da ke cin ƙarfe kamarsa. Mustang ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai, jikinta shi ne ƙashinta, ita kuwa mai naɗaɗɗen rufi ba ta da rufin ƙarfe da zai riƙe ta, saboda haka ƙarfinta ya dogara ne ga ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. In tsatsa ta ci su, za ka ga ƙofa tana ƙin rufuwa daidai. Ka sa a ɗaga motar ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ka ɗaga kafet, sannan ka zuba ruwa a ragar iska da ke gaban gilashi ka duba ko zai ɗiga wajen ƙafar direba. Ka bi jikinta da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, ciko ne aka shafa. Lambar da kamfani ya buga a jikin motar (VIN) ma ka karanta ta: a ta 1966, 08 na nufin mai naɗaɗɗen rufi, harafin T kuwa injin silinda shida ne, wato in ka gan shi, V8 ɗin daga baya aka saka. Inji yana gyaruwa cikin sauƙi, ruɓaɓɓen jiki ne ke cinye dukiya.

Mai Eldorado:
Na yarda da Malam, amma kada a raina Eldorado. An tallata ta a 1976 a matsayin mai naɗaɗɗen rufi ta ƙarshe da za a ƙera a Amurka, aka ƙera 14,000, mutane da yawa suka saya suka adana, shi ya sa ake samun masu lafiya. Injinta lita 8.2 ne, tana shan mai sosai, kuma doguwa ce, don haka ka auna garejinka tukuna. Sai dai ranar da na fara sauke rufinta da yamma, iyalina na baya, tana tafiya kamar jirgin ruwa, na san ban yi asara ba. Ka sa a buɗe rufin a rufe sau uku a gabanka.

Hajiya Mai Gareji:
Ƙanena, in ka ɗauki Mustang, fara da birki. Na 1966 layin mai guda ne, in ya yoye ƙafa huɗun duk sun tafi. Mai layi biyu ya zo ne a 1967, kuma sauyawar ba ta da wuya. Ka canza tsofaffin robobin mai, domin fetur mai etanol yana cin su, kuma ka nemi inshorar da ake amincewa da darajar motar tun farko.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. Ranar Asabar zan koma da tocila da maganaɗisu, in sha Allahu.