Abin da aka tattauna a zaman Hausawan Jidda kan ƙisasi da yafiya

An fi daɗewa a kan batun kisa. Malamai sun kawo aya ta 178 ta Suratul Baƙara, suka ce ƙisasi haƙƙin iyalan mamaci ne, in sun ga dama su yafe ko su karɓi diyya. Shawararsu, kada a matsa musu, masu sulhu su jira zuciya ta huce tukuna. An koka da masu neman miliyoyin riyal kafin su yafe, alhali diyyar kisan kuskure a hukumance riyal 300,000 ce. Ni dai ciniki da jini nake ganinsa. Wanda ya gama zaman kurkuku kuwa, dattawa suka ce a nema masa sana'a, a daina yi wa 'ya'yansa gori.