Wa ya taɓa tafiya da lofe gun 'ya'yansa a ƙasar waje?

Mai Lofen Yantala:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tsohon malamin lakwal ne a nan Yamai, shekara shida ke nan da na aje aiki. Ɗiyata da ke aure a Liyon, ƙasar Faransa, ta haihu, ta matsa sai na je na ga yaron da aka sa wa sunana. Biza ta fito, bayan wahalar da ba yau za mu yi zancenta ba. Tunda jirgin da ke zuwa Pari kai tsaye ya daina sauka nan tun Agustan 2023, ta Istanbul zan bi. Ga abin da ke hana ni barci: shekara 31 ina shan lofe, sau biyu a yini, bayan la'asar da bayan isha, da shayina a gefe. Sigari ban taɓa sa shi a baki ba. A gidana ina da gindin bedi da kujerata, ba mai ce mini kanzil. Can kuwa gidan suruki ne, wata biyu zan yi. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa, ban da ji-ta-ji-ta.

Tsohon Ɗan Duwan:
Wa alaikumus salam Mushe. Sau uku na je gun ƙanena a Beljik, da lofena. Mai shiga ƙasashen Tarayyar Turai ta jirgi an yarda masa da giram 250 na taba ba tare da ya biya komi ba, ko kuma karan sigari 200, ɗaya daga ciki. Ku auna a sikeli tun daga gida. Alimeti ko kyastu kada ku sa cikin jakar da za a loda ƙasan jirgi, a aljihunku za su zauna, kuma guda ɗaya. Ku kankare lofen tas kafin ku sa shi cikin kaya, don warin toka yana kama tufafi. A filin jirgin Istanbul akwai wurin da aka ware wa masu shan taba, amma da 'yar tafiya, ga shi cike da masu sigari da ke zuƙa biyu su fita. Lofe ba ya son gaggawa. Na cika shi, na kunna, sai na ji ana kiran jirginmu.

Hajiya ta Bukoki:
Mushe, ni maigidana ba lofe yake sha ba, garin taba yake sa wa a baki, da kanwa. Da za mu je gun ɗanmu a Marsai, ya ƙulla garin cikin baƙar leda, ya ƙulla kanwar daban cikin tsumma, ya tura su ƙasan akwati kamar kayan sata. Na ce Alhaji ka sa a gwangwani mana, ya ce me mace ta sani. Da muka sauka aka buɗe akwatin. Garin bai dame su ba, sun sunsuna sun gane taba ce. Farin dutsen nan ne ya tsayar da mu. Alhaji ba ya jin Faransanci sai na gaisuwa, ni kuwa na rasa sunan kanwa da harshensu. Yana ta nuna musu bakinsa yana cewa "kanwa ce, kanwa!" Mun fi awa guda kafin suka gwada suka sallame mu. Kilishin da na ɓoye cikin zane shi ne ya tafi, don nama ba ya shiga ƙasarsu. Har yau in na tuna kilishin nan raina ɓaci yake.

Baban Tagwaye, Lazare:
Yaya, duwan ba ita ce matsalarka ba. Matsalarka tana cikin gidan, kuma ba wanda zai faɗa maka.

Na je gun babban ɗana a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, inda 'yan Nijar suke da yawa har ka ji ana Zabarmanci da Hausa a bakin kanti. Na yi murna da aka ce mini jihar ta manoman taba ce, na ce to na zo gida. Ranar farko bayan isha na zauna falo na cika lofe. Ɗana ya dube ni, ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, shi ma ba zai iya buɗe baki ya ce Baba fita waje ba. Ban kai zuƙa biyar ba sai wani farin abu da ke maƙale a silin ya fara ihu, irin ihun da ke shiga har cikin haƙori. Na zaci gobara ce, na miƙe ina salati ina neman takalmi. Ashe ni ne gobarar. Surukata ta hau kujera tana kaɗa zane a gabansa, jaririya ta farka, maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa. Duk da haka ɗan nan cewa ya yi, "Ba komi Baba, abin ne ya lalace."

Wanda ya faɗa mini gaskiya jikana ne, ɗan shekara bakwai. Washegari ya zo ya tsaya gabana da 'yar Hausarsa mai tsami, ya ce, "Abokina, kana wari. Mama ta wanke labule duka." Ka san jika da kaka ba kunya. A nan na gane mai gidan hayar ya hana shan taba a ciki, yana rubuce cikin takardar haya, kuma da ya ji labari ɗana ne zai biya. Sai na koma gareji. Watan Janairu ne. Ni da na saba cewa hunturun Yamai ya yi tsanani, na zauna kan bokitin fenti da riguna uku da bargo, yatsuna sun ƙi riƙe ashana. Sau biyu a yini ya koma sau ɗaya, da azahar, lokacin da rana ta ɗan leƙo. Yaron ya riƙa rako ni, ya tsaya nesa ya toshe hanci yana ba ni labarin lakwal ɗinsu. Da zan dawo ya ɓoye mini lofen cikin injin wanki, sai da muka kusa makara.

Shawarata, tun daga mota ka tambayi ɗiyarka ina ake sha. Kada ka jira surukinka, ba zai faɗa ba.

Ɗan Ader:
Mu mutanen Tawa Abijan ce Turanmu, kowane gida da mai bida can. Bara na raka kawuna gun 'ya'yansa a Ajame. Shi lofensa na ƙasa ne da bakin kara, tabar kuwa ta kasuwar Tawa, wadda ake murzawa da hannu. Abin da bai lissafa ba shi ne raɓar teku. Kwana huɗu tabar ta yi laushi ta ƙi kama wuta, sati biyu ta fara furfura. Nan gida yayyafa mata ruwa yake don kada ta zama gari, can kuwa sai shanya ta yake bisa kwanon rufi. Kuma ko Abijan ɗin tun 2012 an hana sha a wuraren taruwar jama'a, a tashar mota wani yaro ya ce masa ya kashe. Kawu ya ce shi da ya zo garin nan tun shugaba Ufuwet na da rai.

Majo a Talaje:
Baba ku gafarce ni, aikin asibiti nake, ba zan iya shiru ba. Ba wa'azi zan yi ba. Jariri sabon haihuwa ne, hayaƙin yana zama cikin riga da gemu ko an sha a waje. Ku ware riga guda ta shan lofe, ku wanke hannu da baki kafin ku ɗauke shi. Haka na yi da mahaifina da ya zo suna, ya yi fushin kwana biyu ya huce.

Ɗalibi a Liyon:
Kawu, garin da za ku zo nake karatu. Cikin gidan abinci da gidan shan kofi an hana tun 2008, amma a kujerun waje ana sha. Abin da tsofaffin zuwa ba su sani ba: daga 29 ga Yunin 2025 an hana a lambunan shaƙatawa, da rumfar jiran bas, da kewayen makarantu. Tarar Yuro 135 ce, wajen jikka 88 da ɗoriya. Ni na ga an rubuta wa wani a kan benci. In tabarku ta ƙare, ba a kowane kanti ake samu ba, sai mai jar alama mai kamar karas a bisa ƙofa, kuma da tsada. Akwai wani gari, San-Kulod, cikin duwatsun Jura, bai kai awa uku a mota ba. Can ne ake sassaƙa lofe da saiwar wani icce tun ƙarni na 19, har gidan tarihinsa suke da shi. In kuna so ranar Asabar sai in kai ku.

Mai Lofen Yantala:
Jama'a na dawo jiya da dare, kowa lafiya, takwarana ya yi ƙiba. Baban Tagwaye, na bi maganarka, tun a mota na tambaya. Ɗiyata ta yi dariya ta ce ai mijinta ya riga ya sayo kujera ya aje a baranda tun sati biyu, yana ta tunanin yadda zai nuna mini ita. Hawa na biyar ne, ƙasa sai motoci. Wata tsohuwa da ke saman mu ta leƙo rana ta uku, na ce shi ke nan an kawo ƙara. Ashe cewa take warin ya tuna mata da ubanta. Majo, rigar lofe ta zauna a ƙusa bayan ƙofa, ɗiyata ce ɗan sandanta. Ɗalibi ya cika alkawari, Allah ya yi masa albarka. Na juya gindin lofen nan nawa da wani abokin aiki Bafaranshe ya bar mini a 1994, rubutun da ya kusa gogewa ashe sunan garin ne. Na sayo sabo guda, amma har yanzu yana ƙona mini harshe, tsohon nake sha. Giram 250 ɗin ma ban gama ba, na dawo da kusan rabi. Hajiya, ni ban ɗauki kilishi ba, yajinsa kawai na kai, ya wuce lafiya.