Bel ɗin ɗaukar ruwa na gudun nesa, wanne zan saya? Nawa ya saɓe min ƙugu

GudunAsuba:

Salam 'yan uwa, dan Allah masu gudun dogon zango ku taimaka min da shawara. A Kano nake, shekarata biyu kenan ina gudu, bayan sallar asuba nake fita, kuma bana na ɗaura niyyar shiga gudun fanfalaki na Legas da ake yi a Fabrairu, cikakken kilomita 42 ɗin in Allah Ya kai mu. Yanzu dogon gudun da nake yi ran Asabar ya kai kilomita 18 zuwa 20, to anan maganar ruwa ta taso. Da ina yin 10 ko 12 ba na ɗaukar komai, kofi ɗaya a gida in fita in dawo lafiya lau. Yanzu kam da na wuce awa ɗaya da kwata sai baki ya bushe, yawu ya yi kauri, ƙafa ta fara nauyi.

Na gwada riƙe fiya wata a hannu, kafaɗa ta ƙage min, kuma da zarar ka huda ledar dole ka shanye ko ka zubar. Sai na sayi wani bel mai araha mai ƙatuwar gora ɗaya a baya, wallahi tun daga ƙofar gida gorar ke tsalle tana dukan ƙashin bayana duk taku, na ƙara matse shi sai numfashi ya fara min wuya, a haka na daure na gama, da na dawo na shiga wanka ruwa ya taɓa wurin sai da na yi ƙara, ashe bakin bel ɗin ya saɓe min fata tun daga gefen ƙugu har kusa da cibiya. Sati guda ina ɗaura wando a ƙasan ciwon.

To yanzu ban son in sake asarar kuɗi. Mai gora ɗaya ya fi ko mai ƙanana biyu? Ruwa nawa ya kamata mutum ya ɗauka? Ko in haƙura da bel in nemi falmaran ɗin nan mai jakar ruwa a baya da 'yar mesa? Wayata ma babba ce, inaso ta samu wuri. Nagode.

TsohonDanTsere:

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da ciwo. Kafin a zo kan wanne zaka saya, a ina ka ɗaura shi? Na tabbata a kan cibiya, inda ake ɗaura wando. Nan ne wurin da ciki ke hawa da sauka in kana numfashi, in ka sassauta ya yi tsalle, in ka matse ya hana ka shaƙar iska. Wurin zamansa ƙasa ne, kan kwankwaso inda ƙashi yake, can zai kama ya zauna. Ka karɓi tef wurin tela ka auna nan ɗin, da wannan awon zaka je sayayya, kar ka je da lambar wandonka.

Sai nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Gora ɗaya mai miƙe tsaye a tsakiyar baya da ta fi rabin lita dole ta yi tsalle, kuma in ka sha rabi ruwan ya fara kaɗawa a ciki abin ya fi muni. Shi yasa masu kyau da ke da gora ɗaya suke kwantar da ita a karkace, ta lafe a jiki, hannu ma ya fi saurin zaro ta. Ni dai shekaru yanzu mai biyu nake amfani da shi, na kamfanin Nathan, kowace gora wajen mililita 300, ɗaya hagu ɗaya dama, aljihu mai zif a tsakiya. Ina kurɓa daga wannan in kurɓa daga waccan don kar gefe ɗaya ya rinjaya. Amfaninsa na biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya mai ɗan gishiri da sukari. Akwai kuma irin FlipBelt da ba shi da maƙulli kwata-kwata, yadi ne mai talewa da ake zurawa kamar siket, waya da mukulli su shige ciki ba motsi, amma shi in ka kuskure lamba shikenan ba gyara. Na China irin Aonijie sun fi sauƙin kuɗi, yaranmu da yawa shi suke sawa.

Yawan ruwa kuwa ba wanda zai faɗa maka sai sikeli. Ka hau kafin ka fita, ba kaya a jikinka, ka yi gudun awa ɗaya ba ka sha komai ba, ka dawo ka goge zufa ka sake hawa. Duk kilo ɗaya da ya ragu wajen lita ɗaya ka zubar. Abin da masana ke cewa kar mutum ya bari ya rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Misali mai kilo 70, kilo 1.4 kenan. In yana zubar da lita ɗaya a awa kuma zai yi awa biyu da rabi, ka ga sai ya sha sama da lita ɗaya a hanya, bel mai mililita 600 ba zai isa ba sai an cika sau ɗaya. Don haka ka san hanyarka, ina shago yake buɗe da sassafe, ka sa canji a aljihun bel ɗin, ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, ta kusa cika gorunan biyu.

Falmaran kam ban baka shawara ba a Kano. Da sanyin hunturu zaka ji daɗinta, amma bari Maris da Afrilu su zo, bayanka duk a rufe, zufa ba ta samun iskar da za ta busar da ita. Ta masu hawan duwatsu ce da zasu yi awa huɗu biyar ba su ga mai sayar da ruwa ba.

In a shago zaka saya ka ce a bari ka cika gorunan da ruwa, ka sa wayarka, ka yi tsalle a wurin ka ɗan ruga. Bel da ba komai a ciki kowanne daɗi ne da shi.

DanBauchi_10k:

Nikam gaskiya ban ga abin kashe kuɗi ba anan. Ka samu zagaye mai kilomita 4 ko 5 kusa da gida, ka ajiye ledojin ruwanka wurin mai shayi ko mai gadin da kuka saba, duk zagaye ka tsaya ka sha ka wuce. Mutanen Pankshin da ke kawo lambobi a gudun nesa a ƙasar nan ka taɓa ganinsu da gora a ƙugu ranar gasa? Kuma a Legas ɗin ai akwai teburan ruwa a hanya, ƙa'idar manyan gasanni kusan duk kilomita 5 ne. Kuɗin bel ka ƙara ka sayi takalmi mai kyau, shi ne zai kai ka.

TsohonDanTsere:

Maganar takalmi ka yi gaskiya ɗan'uwa. Amma wanda zai gama cikin awa biyu da 'yan mintuna da wanda zai yi awa huɗu da rabi ba tafiyarsu ɗaya ba. Na yi ta Legas a 2020, daga filin wasa na Surulere aka tashi, aka hau gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 ba inuwa, aka ƙare a Eko Atlantic. Mai kilomita 5 cikin minti 16 yanzun nan ya isa tebur na gaba, ni sai na yi fiye da rabin awa, ga iskar can mai laima ce, zufa zuba take yi ba ta bushewa, mu 'yan arewa jikinmu bai saba ba. 'Yar gorar da ke ƙuguna ita ta riƙe ni tsakanin tebur da tebur, musamman bayan rana ta ɗaga.

YarKaduna_21:

Sannu yaya, ni ma irin wannan ciwon na yi, har yanzu da tabon. Abin da na gano ba bel ɗin kaɗai bane, rigar ma da hannunta. In riga ta auduga ce ta jiƙe ta naɗe a ƙarƙashin bel, ga gishirin zufa ya bushe a wurin, goga ɗaya biyu fata ta tafi. Ka sa riga mai santsi irin ta 'yan ƙwallo ka cusa ta cikin wando yadda bel ba zai taɓa fata ba, ka shafa basilin a layin da zai zauna. Ka kuma shafa bakin bel ɗin da yatsa kafin ka biya, in ka ji kaushi ko ɗinki ya taso ka ajiye musu.

Mu mata kuma akwai ƙarin lissafi, ni da doguwar riga da hijabi nake fita, ban son abin da zai ɗame rigar ya fito da sura, don haka mai talewa nake sawa daga ciki kan wando, da gora mai laushi irin ta kamfanin Salomon wadda ke motsewa in kana sha, ba kaɗawa ba ƙara, in ta ƙare kamar hankici take komawa. Matsalarta ɗaya mayar da ita ciki kana gudu akwai wuya in ta yi rabi, ni tafiya nake yi taku goma in gyara.

Da dare nake zuba ruwa rabi in kwantar a firiza in akwai wuta, da asuba in ƙarasa cikawa, sai ya kai ni awa ɗaya da sanyinsa. Kuma dan Allah in ka sa mai sukari ka wanke da ka dawo, ka buɗe murfin ka kife ta bushe, na taɓa mantawa kwana uku na tarar baƙi-baƙi a cikin bakin da ake tsotsa, sai yarwa na yi.

MaJinyaci_Jos:

Duk kun kawo magana mai kyau, abu ɗaya zan ƙara don yana damuna. In mutum ya samu ruwa a jikinsa sai ya riƙa ɗirka ko ba ƙishirwa, ga na bel ga na kowane tebur. Yawan ruwa zalla na tsinka gishirin jini, kai ya yi ciwo, tashin zuciya, yatsu su kumbura, mutum ya rikice, sai na kusa su ɗauka ƙishirwa ce su ƙara masa ruwa. A gasar Boston ta Amurka ta 2002 an gwada jinin mutum 488 da suka gama, kashi 13 cikin 100 gishirinsu ya yi ƙasa, kuma wata mata ta rasu a gasar shekarar ta wannan dalilin. Masu daɗewa a hanya sama da awa huɗu su abin ya fi kamawa, wato irinmu. In ka hau sikeli bayan gudu ka ga ka fi yadda ka fita nauyi, ka sha ya wuce kima.

Kurɓi kaɗan-kaɗan in ka ji ƙishi, gora ɗaya kuma ka sa ORS ko haɗin gida da muka sani, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Dabino uku huɗu a aljihu. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya fara ganin likitansa kafin ya ƙara gishiri. Kuma malam hunturun Kano na yaudara, zufa na bushewa nan take, riga ba ta jiƙa ba sai ka ɗauka ba ka zubar da komai ba.

GudunAsuba:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba ka canka daidai, a kan cibiya na ɗaura, rigar kuma ta auduga ce kamar yadda 'yar uwa ta faɗa. Yau na yi gwajin sikeli a kemis ɗin unguwarmu, da kaya marasa nauyi dai tunda waje ne, na fita ina 68 na dawo ina 67.1 bayan awa ɗaya, kuma da sanyin safiya ne fa, ban yi zaton zai kai haka ba. Tela ya auna min kwankwaso inci 36. Zan nemi mai gora biyu, in tafi da ruwana da wayata in gwada a gabansu. DanBauchi shawararka ma ban yar ba, mai shayin bakin titinmu ya ce in riƙa ajiye leda biyu a wurinsa, nan zan riƙa cikawa a zagaye na biyu. Ran Asabar kilomita 21 zanyi in ciwon ya gama warkewa, zan dawo in faɗa muku yadda ya zauna.