Dan Allah ta yaya zan gane irin ƙarfen da aka yi wuƙata mai naɗewa da shi?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum yan uwa, shawarar masana nake nema. Akwai wata wuƙa mai naɗewa da na samu ta hannu, babu sunan kamfani ko ɗaya a jikinta, abinda kawai aka rubuta a gindin ruwan wuƙar kusa da ƙusar da take juyawa shine D2, ɗaya gefen kuma STAINLESS wato mara tsatsa. To ni dai yadda nake ji ana faɗa ƙarfen D2 yana daɗewa bai dakushe ba, amma wannan kwali kaɗan zan yanka sai bakin ya mutu, kuma in na ɗora ta a dutse nan da nan take kamawa ba wata wahala. Na kara mata maganaɗisu ya manne, wani yace min wai tunda ya manne ba mara tsatsa bane. Yaya zanyi in tabbatar da ko wane ƙarfe ne ba tare da na lalata ta ba?

Ɗan Farauta:
Wa alaikumus salam. Maganar maganaɗisu ka ajiye ta gefe ɗan uwa, kusan duk ƙarfen da ake yin bakin wuƙa da shi yana kama maganaɗisu, mai tsatsa da mara tsatsa. Wanda baya kamawa irin na tukwane ne kamar 304, shi kuma baya taurin da zai riƙe kaifi.

Maƙeri:
Ka goge ruwan wuƙar tas da sabulu ya zama ba maiƙo, ka ɗiga ruwan khal ɗigo ɗaya can kusa da gindi ka barshi kamar minti 15. In baƙin ƙarfe ne zalla irin 1095 zakaga wajen yayi toka toka ko baƙi. In mara tsatsa ne sosai ba abinda zai nuna. D2 yana tsakiya, yakan ɗan dusashe amma sai ya jima. Mu a wajen aiki giranda muke kara wa ƙarfe mu kalli tartsatsin, mai sinadarin kabon da yawa tartsatsinsa fashewa yake yana rassa, wanda sinadarin kuromiyam mai hana tsatsa yayi masa yawa kuma tartsatsin kaɗan ne gajeru.

Injiniya:
Malam Maƙeri gaskiya ka faɗa akan khal, amma giranda kam ban bashi shawara ba, yace baya son lalata wuƙar, kuma zafin giranda kaɗai ya isa ya kashe taurin wajen da ta taɓa, sannan wanda idonsa bai saba ba ba zai bambance komai ba sai yana da wani ƙarfen da ya san asalinsa yana gwadawa gefe da gefe.

Mai tambaya, a gida iyakacin abinda zaka iya ganewa shine dangin ƙarfen, sunansa takamaimai sai na'ura. D2 na gaske yana da kabon wajen kashi 1.5 cikin ɗari, kuromiyam wajen 12, kuma da yawa daga kuromiyam ɗin ya haɗe da kabon ya zama ƙwayoyi masu tauri a cikin ƙarfen, shi yasa yake daɗewa da kaifi, shi yasa yake wahalar wasawa, kuma shi yasa yake iya yin ɗigo ɗigon tsatsa in an barshi da laima. Yawanci ana kai taurinsa 58 zuwa 62 a ma'aunin HRC. To kai kace taka tana saurin dakushewa kuma tana saurin kamawa a dutse, wannan ba halin D2 bane sam, yafi kama da 3Cr13 ko wani ƙarfe mai laushi irinsa da aka buga wa D2 don a ja hankalin mai saye. Kuma kamfanin da ya san abinda yake yi da wuya ya rubuta D2 da STAINLESS a wuƙa ɗaya.

In kana son tabbaci ka nemi inda suke da na'urar XRF ta hannu mai karanta sinadaran da ke cikin ƙarfe, masu tantance ƙarafa suna amfani da ita, haska wuƙar kawai za'ayi ba ko ƙwarzane. Bata iya karanta kabon, amma ba matsala, tunda kuromiyam na D2 da na 8Cr13MoV, wani ƙarfen Chana mara tsatsa, sun yi kusa to sinadaran molibdinam da banadiyam zaka duba, a D2 kowanne yana kusan kashi 1, a 8Cr13MoV kuwa ɗan ƙwarya ƙwarya ne, a 3Cr13 ma kusan babu.

Mai Tara Wuƙaƙe:
Ni kullum sunan kamfani nake fara nema kafin lambar ƙarfe, domin lamba kowa zai iya bugawa. Misali wuƙar Buck 110 da ta fito a 1964, kafin 1981 da ƙarfen 440C ake yinta, daga nan 425M, yanzu kuma 420HC, kaga in ka san shekarar wuƙar ka san ƙarfenta ko ba'a rubuta ba. Opinel na Faransa suna rubuta Carbone wato baƙin ƙarfe, ko Inox wato mara tsatsa. In kaga Rostfrei Jamusanci ne, mara tsatsa kawai yake nufi, baya gaya maka wane iri. Haka in an rubuta 440 tsurarsa ba harafi a gaba kada ka ɗauka 440C ne, galibi 440A ne ko abinda bai kai shi ba. Na Chana kuma sunan da kansa yake bayani, 8Cr13MoV wato kabon wajen 0.8 kuromiyam wajen 13. Ka ɗauki hoton wuƙar a buɗe ka saka a binciken hoto na Google, sau da yawa zaka tarar kwaikwayon wata sananniya ce.

Sabon Shiga:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri. Na gwada khal ɗin har ya wuce lokacin da Malam Maƙeri ya faɗa, ko alama babu, wajen yana ƙyalli kamar da. Kenan jabu ce in haƙura da ita?

Injiniya:
Alamu sun ƙara ƙarfi cewa ba D2 bane, amma kada ka jefar tukuna. Wani lokacin ba ƙarfen bane matsalar, wajen wasawa ne ake barin wani siririn gashin ƙarfe a baki, zakaji tana aske gashin hannu amma yanka biyu ya lanƙwashe sai kace ta dakushe. Ka shafa babban yatsa a hankali daga bayan wuƙar zuwa baki, ba tsawon bakin ba, in kaji abu yana kama fatarka a gefe ɗaya to shine. Ka cire shi da shafa mara nauyi a dutse mai laushi kana juya gefe, ka ƙarasa a jemammiyar fata. Sannan ƙarfe mai laushi baya son baki siriri, ka wasa ta wajen digiri 20 kowane gefe, kuma ka sani kwali yana cin kaifi sosai ko a wuƙa mai kyau. Ka wasa ta haka sau biyu ko uku don a wuce ƙarfen saman da wataƙila ya ƙone tun a masana'anta, ka dawo ka gaya mana yadda tayi da kwalin.