Neman shawara: muna son saka sola a hostal ɗinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a wata jami'a a nan Arewa. Tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin Band A (masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana) a watan Afrilun 2024, yunit ya kai naira 225, makaranta ta rage awannin da take ba hostal wuta. Da dare sai fitilar waya, ga jarrabawa ta matso. Muna so mu yi karo-karo mu saka sola. Don Allah ta ina za mu fara?

Wani mai haɗa sola: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ku ce za ku haɗa ɗakuna duka. Mutum ɗaya ya jona hita ko dutsen guga, wat 1,000 ne ko fiye, nan take inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, za ta tsaya, kuma ba wanda zai amsa cewa shi ne. Ku fara da ɗakin karatu da wurin cajin waya. Ƙwan LED 20 masu wat 10, awa shida, yunit 1.2 ke nan. Farantin sola ɗaya mai wat 500 yana ba da kusan yunit 2 a rana a ƙasarmu. Batir ne ke cin kuɗin. Na litiyam akwai tsada, amma ya fi na ruwa ƙarko nesa ba kusa ba. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙurar farantan, in ba haka ba caji zai ragu.

Wata tsohuwar ɗaliba: Kafin ku karɓi ko sisi a hannun kowa, ku samu izini a rubuce daga shugaban sashen harkokin ɗalibai da sashen ayyuka, don rufin na makaranta ne. Sannan wa zai kula da kayan in an tafi hutu? Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 wata takwas ya yi. Batirin da aka bari haka, ko ya lalace ko a sace shi.

Wani malami: Ni abin da ke damuna, ɗalibin da ke fama da kuɗin rajista a ce shi zai sayi batir. A 2019 hukumar samar da wutar lantarki a karkara, REA, ta ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano. Ƙungiyar ɗalibanku ta bincika ko makarantarku tana cikin wannan shirin na REA na samar wa jami'o'i wuta, ku kuma kai takardar neman taimako ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya mai sola, in mun ƙara fanka huɗu a ɗakin karatun, inbata mai ƙarfin nawa za mu nema?