Muhawara: Shin tsohon bashi zai iya sa a rushe kamfani?

Alhaji, Sabon Gari: A 2017 na kai wa wani kamfanin abincin kaji masara buhu 300, har yau takardar karɓar kayan tana cikin aljihun tebur ɗina, ta fara yin ja saboda tsufa. Sun ce wai buhu 40 ya yi danshi, suka riƙe ragowar kuɗina. An tabbatar mini cewa duk wanda ke bin kamfani bashi yana iya sa kotu ta rushe shi, kuma abin da zan yi ke nan.

Barista, Kongo: Ranka ya daɗe, rabin maganar aka faɗa maka. Gaskiya ne sashe na 572 na Dokar Kamfanoni ta 2020 ya ce idan aka kai wa kamfani takardar neman biya, mako 3 ya wuce bai biya ba, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya gaza. Amma Babbar Kotun Tarayya ba ta yarda a mai da ƙarar rushewa sandar karɓar bashi, matuƙar akwai jayayya ta haƙiƙa a kansa, kuma batun danshin nan jayayya ce. Sannan ga wa'adin shigar da ƙara, wanda a Legas shekara 6 ne, a wasu jihohin ma 5.

Malam, Tudun Wada: Barista, wannan wa'adin ban yarda da shi ba. Hadisi ya tabbata cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, to ta yaya shekaru za su wanke shi?

Barista: Allah ya gafarta Malam, doka ba ta ce bashin ya faɗi ba, ƙofar kotu kawai ta rufe. Tana sake buɗewa idan kamfanin ya amsa bashin a rubuce ko ya biya wani ɓangare.

Hajiya, Samaru: Ni ma'aikatan nake tausayi, Alhaji. Kuma idan an sayar da kadarorin, bankin da ke riƙe da jingina, da kuma ma'aikatan da ke bin albashi, suna gabanka, ƙila ko kuɗin buhu 10 ba zai iso gare ka ba.

Alhaji: Hajiya, ni ma ina da iyali. Amma Barista, a 2021 sun turo mini Naira 150,000 ta banki.

Barista: To, daga ranar za a soma sabon lissafi. Ka karɓo takardar bayanin asusunka daga banki cikin makon nan, a shigar da ƙarar neman bashin tukuna kafin sabon wa'adin ya cika.