Abban yara ya ce mu haɗa kaya za mu bakin teku a Kwatano, kaina ya kulle

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana don Allah. Daren jiya muna cin tuwo Abban yara ya ce in haɗa kaya, Asabar ta sama za mu Kwatano mu yi kwana biyar, yara su ga teku. Saura kwana takwas ke nan. Shi dama can yake sayo motoci, shekara tara da aurenmu bai taɓa cewa zo mu je ba, kai ko Tiga da ke nan kusa bai kai mu ba. Bara da dogun hutu na roƙe shi mu je Jos wajen yayata ya ce babu hali, alhali a watan ya sake wa ƙanensa babur, ban ce komai ba, don ni ba mai yawan magana ba ce, ko lokacin bikin ƙanwarsa da aka bar ni da girki kwana uku ban ce uffan ba. Yanzu yara sun ji, ba sa barci. Ni kuma gabana faɗuwa yake. Auta ba ta da fasfo, kuma Hajiya ba ta sani ba. In je ko in ce a ɗaga?

Maman Ummi: Wa'alaikumussalam. Wace Hajiyar, taki ko tasa? Yaran nawa ne, autar shekararta nawa? Ta jirgi ko ta mota?

Anti Uwargida: Ki saurare ni da kyau, na fi shekara goma ina sayo atamfa da leshi a kasuwar Dantokpa. Biza ba kwa buƙata, Najeriya da Binin duk ECOWAS ne, amma kowane rai sai da takardarsa, har jinjiri. Fasfon yaro sai da NIN, da takardar haihuwa, da takardar amincewar iyaye, ba abin da ake yi a kwana takwas da hankali kwance ba ne. Na biyu, katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan. Wanda aka yi wa allurar yau, sai bayan kwana 10 katinsa yake fara aiki. Lissafa da kanki. Ki ce masa a ɗaga, magana ta ƙare.

Mai tambaya: Tasa ce. Yara uku, auta shekara biyu. An yi musu allurar shawara tun suna wata tara, katin asibiti yana nan. Kuma Anti, shi ya san hanya, ya ce a iyakar Seme kowa ya san shi.

Anti Uwargida: Katin asibiti daban, na tafiya daban. Sun san shi shi kaɗai da 'yar jakarsa. Ranar da ya zo da mace da yara uku, ɗaya ba takarda, ranar zai gane sanin na kuɗi ne. Daga Badagry zuwa iyaka ki ƙirga shingayen da za a tsayar da ku, ga yarinya na kuka a cinya.

'Yar Maraɗi: Ku dai kuna da hanya. Mu da muke bi ta Gaya mu tsallaka gada zuwa Malanville, tun da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na 2023 aka shiga halin da aka shiga. Mijina direban babbar mota ne, Kwatano ce abincinmu, yau sai zaman gida da bashi. Ki je ki ga teku 'yar uwa, wani ma nema yake.

Maman Khalifa: Ni tambayata ɗaya. Mutumin da ya ce babu hali bara, me ya canza bana? Nawa haka ya kai ni Umara ba zato, muna dawowa da sati uku aka kawo lefen amarya. Ban ce naki haka ne ba, amma ki buɗe ido.

Mai tambaya: Subhanallah, Maman Khalifa, ba haka yake ba. Ciniki ya yi mai kyau, motoci biyu suka fita a sati ɗaya. Ni ban kawo ƙararsa ba.

Maman Khalifa: Ni ma haka na ce a lokacin.

Malama: A bar zato don Allah. Abin da ba a taɓo ba shi ne tekun kansa. A Agusta ruwan sama yakan ɗan tsagaita a can, garin da sanyi-sanyi, sai dai tekun yana da ƙarfi ƙwarai. A bakin tekun Fidjrossè da ke Kwatano igiyar tana dukan gaɓa ta koma da ƙarfi, tana kwashe yashin ƙarƙashin ƙafarka, babba ma tana kayar da shi. Yaranmu na Arewa ba su san ruwa ba. Su yi wasa a yashi, hannun auta a naki. In akwai lokaci ku je Ouidah, tafiyar kamar awa ɗaya ce, su ga Ƙofar da Ba a Dawowa, inda a da can ake loda bayi a jiragen ruwa. Abinci kuwa ku nufi Zongo, Hausawa ne cike, ga masallaci.

Anti Uwargida: Malama kina tsara musu yawo, takarda fa? Ga kuɗi kuma. Sefa ba ta jin tausayin naira, ɗaure take da yuro. Ki tambaye shi nawa ya ware, masauki nawa ne kwana ɗaya. In ya ce “ki bar min wannan”, to ki riƙe naki a lalita.

Maman Ummi: Ni da za ki ji tawa, ki bar auta wajen Hajiya ku tafi da manyan biyu. Kin ga dole a faɗa mata ke nan, an huta.

Mai tambaya: Ba zan iya barin ta ba, ba ta kwana sai da ni. Hajiya kuma in ta ji kalmar teku za ta hana, ƙanenta ruwa ne ya ci shi suna yara. Shi ya ce sai mun isa zai kira ta.

Malama: A'a, wannan kam kuskure ne. Ya je ya same ta ya yi mata bayani, ku tafi da addu'arta.

Anti Uwargida: Kuma ranar da ta ji, ba ɗanta za ta zarga ba, ke ce kika ja shi yawon Turawa da jikokinta. Na gama magana.

Mai tambaya: Na gode duka. Amma ku gane, in na ce a ɗaga, na san shi, ba za a sake tayar da zancen ba har abada. Na riga na kai wa tela ɗinkin yara. Wai akwai wadda ta san ko takardar tafiya ta ECOWAS ta fi fasfo saurin fitowa?

'Yar Maraɗi: In kun je, don Allah nawa ake canjin jaka goma ta sefa yanzu a can?